Igiyar Tudun Aduwa

Asabar, 14 ga Maris 2020. Bayan la'asar.

Gogo ta tashi. Ni da kaina na kai ta filin jirgi, na tsaya har ta shige da jakarta da jarkar zamzam. Daga gobe an ce babu jirgin da zai shigo ƙasar nan ko ya fita saboda korona, to alhamdu lillahi ta tsallake. Shekara tara ina tuƙa motar kayan miya a kasuwar Aziziya, sai bana Allah ya nufa na kawo uwata umara. Da ta gama ta zo Riyad, ta kwana goma sha ɗaya a unguwar Al-Ud, gidan abokina Maulud da matarsa Hajjo, tunda ɗakinmu na maza ne, mu shida.

A mota na gaya mata abin da za ta ce idan masu auna zafin jiki sun tambaye ta, da abin da ba sai ta faɗa ba. Ta dube ni, ta gyara mayafinta.

Maulud bai raka mu ba. Mura ce ke damunsa.

Laraba, 18 ga Maris. Azahar.

An rufe masallatai. Ladan ya kira salla, ya ƙare da cewa kowa ya yi a gidansa. Na yi tawa a bayan mota, tsakanin buhunan albasa.

Gogo ta wuce Damagaram. Gobe gida, in Allah ya so.

Alhamis, 19 ga Maris. Bayan magariba.

Sun tare ta.

Dole in rubuta, don kada wata rana wani ya ce ba a yi haka ba. Ƙanwata Delou ce ta hau tudu ta kira ni, don a garinmu sai a kan tudun nan waya ke kamawa. Ta ce motar da ta ɗauko Gogo daga Tanut ta iso bakin gari, suka tarar an jera ganguna biyu, an ɗaure igiyar guga a tsakaninsu. Wanda ke tsaye bayan igiyar ba wani ba ne, Yaya Sha'aban ne. Maigarin Tudun Aduwa, ɗan farin Gogo. Bai kama hannunta ba. Daga nesa suka yi magana su biyu, sannan aka wuce da ita lakol, makarantar nan ta bayan gari da ba a gama ginawa ba. Wai kwana goma sha huɗu.

Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya. Kwana biyar a hanya. Ta dawo daga ɗakin Allah, sai a kai ta inda awaki ke kwana.

Garin da babu kwalta, babu lantarki, garin da ko mai allurar rigakafi sai ya ɓata sau biyu kafin ya same shi. Korona ta san hanyar Tudun Aduwa? Wa zai nuna mata?

Juma'a, 20 ga Maris. Safe.

Na sami Yaya Sha'aban a waya. Na ce, "Yaya, uwar da ta haife ka?"

Ya ce, "Jibirilla, lafiyarka?"

Na ce kada ya tambaye ni lafiyata, ya kwance igiyar nan yau.

Ya ce, "Ba ita kaɗai ba ce. Akwai mutum biyu da suka dawo daga Aljeriya, suna ɗaya ajin. Duk wanda ya zo daga waje haka za a yi masa."

Na ce Gogo ba duk wanda ba ce.

Ya ce, "Mu ɗari shida ne a garin nan. Delou ce kaɗai ta san yin allura. Daga nan zuwa asibiti wuni guda ne, in mota ta samu. Ka gaya min abin da zan yi idan mutum ashirin suka kwanta."

Na gaya masa abin da zai yi. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce iska na yanke maganar, ya kashe.

Tun muna yara haka yake. Ba ya faɗa, sai dai ya bar ka kana haushi kai kaɗai kamar kare.

Asabar, 21 ga Maris. La'asar.

Motar asibiti ta zo ta ɗauki Maulud. Hajjo ta ce numfashinsa ne. An hana ta bin su.

Maulud dama mai asma ne. Kowa ya sani.

Litinin, 23 ga Maris. Hantsi.

Daga yau an hana fita bayan bakwai na yamma. Kafilina, wato ubangidana a wajen aiki, ya kawo mana tasrihi, takardar da za mu nuna wa 'yan sanda, tunda mu masu ɗaukar abinci ne. Ya miƙo min ta tagar motarsa da ɗan yatsa biyu, fuskarsa a rufe, ya ce, "Yalla, yalla." Mutumin da ya sha cin abinci da ni a faranti ɗaya.

Labarin gida: Maigari ya hana cin kasuwar Talata. Ya raba rijiya, unguwar gabas da safe, unguwar yamma da la'asar. Makiyaya idan sun zo, sai su tsaya bayan igiya a ɗebo musu ruwa a zuba a kwamin shayar da dabbobinsu. An ajiye buta da sabulu a gindin ganga. Sallar Juma'a kowa da tabarmarsa, taku biyu tsakani. Duk a rediyo ya ji wannan. Mutum ya saurari rediyo kwana uku ya zama likita.

Delou ta kwashe kayanta ta koma lakol wajen Gogo. Ta ce ita ma ba za ta sake shiga gari ba sai sun shiga tare. Ana kawo musu tuwo a ajiye a kan dutse, wanda ya kawo ya ja da baya, sannan Delou ta fito ta ɗauka.

A kan dutse. Kamar masu kuturta.

Talata, 24 ga Maris. Azahar.

Ni lafiyata ƙalau.

Alhamis, 26 ga Maris. Biyu na rana.

Sun dawo da dokar zuwa ƙarfe uku. Titin Riyad fayau, na tuƙa daga Aziziya zuwa Badi'a ban taka birki ba sai a shingen 'yan sanda. Wani ya karɓi iƙamata, katin zamana a ƙasar, ya duba, ya goge hannunsa a gabana.

Delou ta kira. Sai da na matsa mata sannan ta faɗa. Gogo na da zazzaɓi tun Litinin. Tana tari.

To me suke jira? Ajin da babu ƙyaure a taga, iska na shiga ta nan ta fita ta can, ƙasa ko siminti babu. Ko ni aka kwantar a nan sai na yi tari. Lakol ɗin ce ta sa mata ciwo. Sha'aban ne ya sa mata ciwo.

Delou ta ce, "Yaya Jibirilla, a inda ta sauka can wajenku, babu wanda ba shi da lafiya?"

Na ce katina ya kusa ƙarewa.

Juma'a, 27 ga Maris. Bayan azahar.

Na yi abin da ya kamata in yi tun rana ta farko. Muna da zaure a waya, na 'yan Tudun Aduwa, na gida da na waje, mu fi ɗari. Na ɗauki murya ta minti shida na tura. Na ce Hajiya Gogo lafiyarta ƙalau ta bar Saudiyya, an auna ta a filin jirgi, ni shaida ne. Na ce ɗanta ya ɗaure ta a kangon makaranta har ta kamu da ciwon sanyi. Na ce idan akwai sauran maza a garin nan, to su je su ɗauko uwarsu. Na ce wanda ya wulaƙanta wadda ta haife shi bai cancanci rawani ba. Na kira sunansa tsirara, babu Yaya, babu Maigari.

Zuwa yanzu mutum sittin da uku sun saurara. Wasu sun turo, "Gaskiya ne." Shi bai ce uffan ba.

Na ji daɗi. Na rubuta na ji daɗi.

Asabar, 28 ga Maris. Safe.

An sauke tumatir ruɓaɓɓe kwando goma a gefen motata, kowa na toshe hanci yana tsaki. Ni ban ji warin komai ba. Na yanka albasa na kai hanci. Babu.

Mura ce.

Lahadi, 29 ga Maris. La'asar.

An saurari muryata a wajen mai shayi, an sake saurara a gindin rijiya. Jiya da yamma samari kamar ashirin suka tafi bakin gari, suka yanke igiyar, suka ture gangunan. Sha'aban ya tare su shi kaɗai. Wani ya jefe shi da dutse a goshi. Suka wuce shi yana durƙushe, suka nufi lakol da amalanke don su ɗauko Gogo.

Gogo ta sa Delou ta jingina benci a bayan ƙofa. Sun yi ta kira, "Hajiya, ki fito, mun zo kai ki gida." Delou ta ce Gogo ta tashi zaune da ƙyar, ta ce a gaya musu duk wanda ya taka ajin nan ba ta yafe masa ba. Suka tsaya cirko-cirko, suka juya.

Tsorata ta aka yi, shi ke nan. An cika mata kunne.

Delou ta ce daga nesa ta riƙa gaya wa matar Sha'aban yadda za ta wanke raunin ta ɗaure, don ita ba ta iya taɓa shi. Ta ce kafin magariba ya koma da rawani a kan bandejin, ya ƙulla igiyar a inda aka yanke.

Ban ce a jefe shi ba. A sake saurara, babu inda na ce a jefe shi.

Litinin, 30 ga Maris. Hantsi.

Hajjo ta kira. An killace ta da yara a gida, an ce gwajin Maulud ya fito, korona ce. Ta ce, "Malam Jibirilla, Hajiya fa? Ita ce fa ta riƙa dama masa kunu tana ba shi a baki. Kwana huɗu tana zaune a gefensa. Ka gaya musu can gida?"

Na ce ina tuƙi.

Laraba, 1 ga Afrilu. Azahar.

Ban fita ba. Kafili ya kira sau biyar. Ya kira ya ga dama.

Mutanen ɗakinmu sun ja katifunsu sun koma lungu ɗaya, sun bar ni ni kaɗai kusa da ƙofa. Shekara nawa muna ci a tire ɗaya. Munafukai.

Alhamis, 2 ga Afrilu. Safe.

Maulud.

Alhamis ɗin dai. La'asar.

Ba a ba mu shi ba. Ba mu wanke shi ba, ba mu sallace shi ba. Wani ma'aikaci ne ya kira Hajjo ya gaya mata, ya ce za a sanar da ita inda aka sa shi. Maulud ne ya tarbe ni ranar da na fara zuwa ƙasar nan, ban san ko kalmar Larabci ɗaya ba in ban da ta salla. Shi ya koya min hanyoyin Riyad, yana zaune a gefena yana zagina idan na ɓata. Shekararsa arba'in da huɗu.

Na kira Hajjo don in yi mata gaisuwa. Ta ɗauka, ta ji muryata, ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri," ta ajiye.

Yau Gogo ta cika kwana goma sha huɗu. Ba a buɗe mata ba. Wai sai zazzaɓi ya sauka a sake ƙirga. Wannan karon ban tura komai a zaure ba. Ba ni da ƙarfi ne kawai.

Asabar, 4 ga Afrilu. Bayan azahar.

Wani a ɗakinmu ya kira hukuma. Na san ko wane ne. Sun zo da fararen kaya har ƙasa, suka tura min tsinke a hanci, suka kawo ni wani otal. Hawa na biyar, ɗaki ni kaɗai, gado mai farin zane. Ana ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a rana. Idan na buɗe babu kowa, sai abinci a ƙasa, mai kawowa ya riga ya kai ƙarshen baranda.

Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Litinin, 6 ga Afrilu. Safe.

An hana fita gaba ɗaya, dare da rana. Ta taga ina ganin kyanwa kwance a tsakiyar titi.

Gwajina ya fito. Likitar ta faɗa da Larabci, ta sake faɗa da Turanci, kamar ban ji na farko ba.

Delou ba ta kira ba kwana uku.

Talata, 7 ga Afrilu. Azahar.

Ba ta kira ba.

Idan wani abu ya sami Gogo, Sha'aban ne. Na rubuta wannan sau nawa yanzu? Na duba baya, na ga na rubuta shi da yawa.

Alhamis, 9 ga Afrilu. La'asar.

Saƙo ya shigo daga Delou. Ta ce in yi haƙuri, ita ma kwanciya ta yi, ba ta iya hawa tudu ba sai yau. Ta ce zazzaɓin Gogo ya sauka tun Lahadi, ta sha fura, har ta yi faɗa an sa tsami da yawa. Sannan ta turo wata murya, ta ce Gogo ce ta sa ta ɗauka.

Na rubuta ta yadda take, don na saurara har na haddace.

"Jibirilla. Ni ce. An ce kai ma kana kwance, Allah ya ba ka lafiya. Ka saurara, ba na son in maimaita, numfashina bai dawo duka ba. Ranar da na iso, yayanka ya ɗaga igiya zai rungume ni. Ni na ce ya tsaya inda yake. Na gaya masa na yi jinyar mutum a Riyad, mai zazzaɓi da tari, ban san ko mene ne ba. Shi cewa ya yi zai kai ni ɗakina a rufe ƙofa. Na ce jikokina goma sha ɗaya, wace ƙofa ce za ta tare su? Ni na ce lakol. Tun daga Yamai fuskata a naɗe take da mayafi, ban ci da kowa ba, ina ta roƙon Allah kada in bar wa wani a mota. Ka ce in yi shiru a filin jirgi, na yi, don ina son in mutu a ƙasarmu. Wannan ni da Allah ne. Amma ban ce maka zan yi shiru a gida ba. Na hana yayanka faɗa wa mutane, don kada a ce ɗana ya san da ciwo ya turo ni. Sunanka yake karewa ranar da aka fasa masa kai. To ka ji. Yaron nan Maulud, an ce ya rasu. Ka gai da Hajjo, ka ce ina yi masa addu'a. Shi ke nan."

Minti biyu da daƙiƙa goma.

Juma'a, 10 ga Afrilu. Safe.

Na sani.

Tun ranar Talatar da na shiga na tarar Gogo tana ba Maulud kunu, jikinsa kamar garwashi, na sani. Na ji a rediyon mota abin da ake cewa a kula da shi, duka yana da su. Na ce idan na kai shi asibiti za su tambayi wanda ke gidan, su riƙe ta, jirage su tsaya, bizarta ta ƙare, tsohuwa ta maƙale a ƙasar da ba ta jin yarensu. Sai na ce wa Hajjo mura ce, a bari zuwa Asabar. Bayan Asabar kuma na ce a ƙara gani, don kada a bi sawu a gano. Kwana goma sha ɗaya yana kwance kafin motar asibiti ta zo.

Ban sani ba ko da an kai shi da wuri da ya tashi. Na tambayi likitar da ke kirana da safe, ban ce wane ne ba. Ta ce Allah ne masani.

Juma'ar dai. Bayan la'asar.

Na ɗauki murya sau bakwai ina gogewa. Ta takwas na tura a zaure ban saurara ba. Na faɗi duka, da kunun, da filin jirgin, da abin da na ce wa Hajjo. Na ce ƙarya na yi ranar ashirin da bakwai. Na ce Maigari Sha'aban, Yayana.

Mutum tamanin da takwas sun saurara. Babu wanda ya ce komai. Waɗanda suka turo "Gaskiya ne" wancan karon, ko ɗaya. Sai wani da ke Legas ya fita daga zauren.

Na tura wa Hajjo ita ma. Alama ta nuna ta saurara.

Lahadi, 12 ga Afrilu. Azahar.

Hajjo ba ta amsa ba. Ba na jin za ta amsa. Idan an sallame ni zan je in tsaya a ƙofar gidan, ta ce abin da za ta ce.

Lahadi, 19 ga Afrilu. La'asar.

Yau aka shigar da Gogo da Delou gari, wata guda cif. Delou ta ce Gogo ta ƙi hawa amalanke, ta taka da ƙafarta tana dogara sanda, tana hutawa. Mata na guɗa daga ƙofofin gidajensu, ba wanda ya matso, haka Maigari ya ce. Mutanen Aljeriya sun daɗe da shiga. A cikin gari har yau babu wanda ya kwanta. Ko ɗaya, cikin ɗari shida.

An bar igiyar. Wai sai bayan salla a duba.

Litinin, 20 ga Afrilu. Hantsi.

Kwana goma ina jira, yau Yaya Sha'aban ya turo. Ba a zaure ba, ni kaɗai. Daƙiƙa tara. Ana jin iskar tudu a bayansa.

"Jibirilla, na ji saƙonka. Gogo ta ci tuwo jiya. Ka sha maganinka, ka kuma nemi matar nan."

Ko sallama babu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Mutum ya fasa maka kai daga nisan duniya, ka hau tudu da tabo a goshi don ka ce masa ya sha magani. Haka yake tun muna yara, ba ya barin mutum ya samu inda zai riƙe.

An ƙwanƙwasa ƙofa. Na tashi na sha maganin.